Muryar Baba Tsakanin Rufi da Daɓe

Zuwa ga ƙanena, Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya. Ina gajiya, yaya aiki, yaya zaman kan ruwa? Ina fata jirin nan da ke kama ka idan teku ta tashi ya yi sauƙi. Mu nan muna lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Goggo tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko har yanzu a tsaye kake cin abinci kamar wanda aka biyo. Baba ma yana gaishe ka, kuma a kan gaisuwar tasa ce na zauna rubuta maka.

Ranar da jirginku ya tsaya a tasha ka samu ka kira, na san ka ajiye waya kana zaton layi ne ba kyau. Ba layi ba ne, Auta. Baba yana magana duk tsawon lokacin nan. Ya kara wayar a bakinsa, yana tambayar lafiyarka, yana sa maka albarka, kai kuwa sai kwaɗa halo, halo kake yi. Da ka gaji ka ce a ba ka Yaya, sai ya miƙo mini wayar ya juya fuskarsa wajen bango. Wallahi da kana kusa da na make ka, ko da yake na san ba laifinka ba ne.

Ban gaya maka a waya ba saboda yana zaune a wurin. Dishewar nan da muke ce wa mura tun kafin ka tafi, ashe ba mura ba ce. Likita ya duba, aka ɗan yanki nama aka auna, aka ce ciwon daji ne a maƙogwaro, daidai inda murya ke fitowa. Ana ba shi magani, ana gasa wurin da na'ura a asibiti. Amma likitan bai ɓoye mana ba: idan abin bai ja baya ba, sai an cire wurin gaba ɗaya. Zai rayu in Allah ya so, zai ci, zai sha, magana ce dai ta ƙare. Yanzu abin da ya rage masa raɗa ce, ita ma sai ka kai kunnenka dab da bakinsa.

Ka san Baba da kanti. Ya ƙi zaman gida fur. Kullum yana kan doguwar kujerarsa, fitila a kansa, ƙarfen dalma a hannu, rediyoyin mutane jere a bayansa. Hannunsa bai canza ba, idonsa ma haka. Sai dai in mai kaya ya shigo ya tambayi abin da ya samu rediyonsa, Baba ya amsa, mutumin ya ce na'am, Baba ya sake amsawa, sai kawai mutumin ya juyo wajena. Mutumin da ya koya mini riƙe ƙarfen dalma, yau a gabansa ake tsallake shi a tambaye ni. Ina ganin yadda yake sunkuyar da kai ya ci gaba da aiki. Abin nan yana ci mini rai fiye da zaman layin asibiti.

To, na lura da wani abu. In na ɗora yatsa a wuyansa yana raɗa, yatsana yana jin motsin fiye da yadda kunnena ke ji. Na ciro ɗan faifan tagulla daga cikin wani mataccen agogo mai ƙararrawa, irin wanda in ya girgiza yake ba da 'yar wuta. Ina so in ɗaura masa a wuya, in haɗa ɗan akwati da zai ɗauki 'yar wutar nan ya girmama ta har ta fito a lasifika. In ya yiwu, ran da ka sake kira za ka ji shi. Ban gaya masa ba tukuna, don ka san shi, zai ce na raina shi.

Kai kuma ka je ka ga kyaftin ɗinku, ka nemi izini ka zo. Kada ka ce mini sai kwantiragi ya ƙare. Ba a ce gobe za a yi aikin ba, amma ba a ce ba za a yi ba.

Ka huta lafiya. Allah ya tsare ka a ruwa da tudu.

Ni ce yayarka,
'Yar Mai Rediyo

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya abokan aiki? Takardarka ta iso ta hannun ofishin kamfaninku, mun gode Allah da kana lafiya. Na karanta wa Baba da Goggo, na tsallake wurin da ka ce ka shiga ɗakin ajiyar kaya ka yi kuka, don kada Goggo ta tayar mana da nata.

Albishirinka. Akwatin ya yi.

Ka ce in yi maka bayanin yadda yake aiki. Ikon Allah! Kai da ka gudu daga kanti ka zaɓi tukwanen jirgi, yau kai ne mai neman darasi. To, buɗe kunne, sau ɗaya zan faɗa. Zuciyar akwatin wani ɗan taransista ne da ake kira mosfet, bai kai ƙwayar wake biyu ba. Na zaɓe shi ne don ba ya zuƙar wuta daga abin da ke ba shi sauti, faifan wuyan Baba kuwa ba shi da wutar da zai raba da kowa. Ƙafa uku gare shi. Ɗaya ƙofa ce, get muke ce mata, nan raɗar ke shiga. Ɗaya sos, tana ta ƙasa. Ta ukun diren, nan muryar ke fita bayan ta girma. Tsakanin diren da batir akwai resista guda ɗaya, 'yar abar nan mai rage gudun wuta, ka riƙe ta a ranka.

Tun kafin kowa ya ce uffan, sai an saita wutar get yadda diren zai zauna a wani mataki yana jira. Wannan saitin shi ne bayas. In murya ta zo, wutar diren sai ta riƙa hawa da sauka daga mazaunin nan, abin da Baba ke kira lilo. Amma ba ta da filin da ta ga dama. Sama akwai rufi: batirina bolt tara ne, diren ba zai wuce tara ba, in ya kai can taransistan ya rufe ke nan ɗif. Ƙasa akwai daɓe, kuma daɓen ba sifiri ba ne, nan ne masu koyo ke cin tuntuɓe. Mosfet yana girmama sauti ne muddin diren bai faɗi ƙasa da wutar get sosai ba. Da ya gota wannan iyaka, ya daina aikin amfilifaya, ya zama kamar resista kawai, komai ka tura masa ba ya ƙara sauka yadda ya kamata. A akwatina daɓen yana wajen bolt ɗaya da rabi. Ke nan duk muryar Baba, da raɗarta da tarinta, dole ta shige tsakanin ɗaya da rabi da tara. Abin da ya wuce nan sai a aske masa kai, ya fito yana ƙarar-ƙarar.

Mai hankali a tsakiya yake zaunar da diren, wajen biyar da 'yan kai, don a sami wuri sama da ƙasa. Ni kuwa ɗoki ya hana ni aunawa. Na haɗa, na ga wuta ta kama, na ɗauko na kai masa.

Ya daɗe yana kallon akwatin. Na zaci zai ture. Sai ya ɗaga haɓa ya bar ni na ɗaura masa faifan da ɗan madauri mai laushi. Ya nuna mini sikof, na'urar nan mai koren allo da ke zana sauti, wadda ka taɓa zuba wa shayi. Na jona. Ya yi gyaran murya, muka ga igiyar sautin ta tashi a allo, ƙasanta zagaye, samanta a aske kamar an sa reza. Ya ɗauki sukundireba ya ƙwanƙwasa allon. Auta, ka san maganar farko da ta fito daga lasifikar nan bayan duk watannin nan? Faɗa! Wai wa ya koya mini in zaunar da diren a gindin rufi, ko ban da mita ne a kantin nan. Na auna, ga shi bakwai da rabi. Gaskiyarsa.

Tela na maƙwabta ya jiyo, ya shigo da almakashi a hannu yana salati. Goggo ta taho daga cikin gida ta ƙofar baya, ta tsaya ta rufe baki da mayafi tana hawaye, tana cewa a bar shi ya yi ta faɗan. Ni kuwa ina murɗa saitin ina dariya, hawaye na ɗiga a kan benci, har diren ya sauko biyar igiyar ta zagaye sama da ƙasa. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Muryar ba irin wadda ka sani ba ce sak. Siririya ce, tana da ɗan amo kamar daga cikin gwangwani. Amma tasa ce, da yadda yake jan magana, da yadda yake cewa "to fa" in abu bai yi masa ba. Yanzu shi ke amsa wa masu kaya. Abu ɗaya nake sa wa ido, batir. In ya fara rauni rufin ne ke saukowa, daɓen kuwa yana nan inda yake, sai filin ya matse. Kullum da safe sai na auna kafin in ɗaura masa.

Maganar jikin kuwa, ba zan yi maka ƙarya ba. Haɗiya tana yi masa wuya, ya rame, rigunansa sun yi masa yawa. Mako mai zuwa za mu koma wajen likita.

Ka kira da zarar kun ga tudu. Kowa yana gaishe ka.

Yayarka,
'Yar Mai Rediyo

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mu ma da sauƙi. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, raina a ɓace yake.

Na ga takardarka. Wai kyaftin ya ce ba zai sake ka ba sai wani kuku ya karɓe ka, kuma ba a samun wani sai kun kai tashar da ke can gaba. Wai kuma hanyar da kuka ɗauka yanzu ba waya sai bayan makonni. Da na karanta na yi jifa da ita. Mutum nawa ne a jirgin nan, duk ba mai iya dafa ruwan zafi? Na zage ka, na zagi kyaftin, na zagi teku. Daga baya na ɗauko takardar na share mata ƙura, don na san da da hali da ka yi iyo ka taho.

Likita ya duba. Abin bai ja baya ba, ƙaruwa ma ya yi. An sa ranar aiki, farkon wata mai kamawa. Ba za ka iso ba, kuma ba za ka samu kira ba kafin nan. Na rubuta wannan layin na daɗe ina kallonsa.

Bari in gaya maka abin da ya faru tsakanina da Baba, don ba ni da wanda zan gaya wa. Raɗar tasa ta ƙara yin ƙasa. Ga ƙarar titi, ga keken Tela, sai masu kaya suka koma karkato kunne wajen lasifika. Shekaranjiya na tafi karɓo masa magani, na dawo na tarar da akwatin a buɗe a gabansa, hayaƙin dalma yana tashi. Ka tuna resistar da na ce ka riƙe a ranka, ta tsakanin diren da batir? Ita ya cire ya sa babba. In ka ƙara girmanta, ƙarfin girmamawar yana ƙaruwa, wannan gaskiya ne. Amma ita ce kuma ke cinye wutar batir kafin ta kai diren, sai diren ya zauna can ƙasa. Na sa mita. Biyu da ɗan kai. Tsakaninsa da daɓe bai kai bolt ɗaya ba, sama kuwa ga fili fetal wanda ba zai amfane mu da komai ba, tunda sauti sai ya sauka kamar yadda ya hau.

Na ce masa haba Baba, kai da ka yi mini faɗa a kan rufi, yau kai ne ka kwantar da shi a daɓe? Na ce da ya ɗan ɗaga murya za ta fashe. Na ce ya bari in ƙara wani taransista a gaba, ko in haɗa batir biyu rufin ya ɗaga. Ya ce akwatin zai yi nauyi a aljihu, kuma ba sauran lokacin zane da gwaji. Na nace. Sai ya ɗaura faifan ya kunna, ya dube ni, ya tambaye ni wai wa nake ajiye wa wurin. Ya ce babbar murya ta tafi ba za ta dawo ba, raɗa ce ta rage, a ba raɗa duk abin da akwai.

Auta, na sake duba mita. A lissafi bai yi kuskure ba. Fili ana barinsa ne daidai girman sautin da ake jira, mu kuwa ƙaramin sauti muke jira. Na fita bayan kanti wajen tulin matattun talabijin na yi kuka mai isata, na wanke fuska na dawo.

Kuma abin haushi, ya fi kyau. Raɗar tana fitowa cike, har daga bakin ƙofa ana ji. In tari ya taso masa sai ya ɗaga faifan da yatsa kafin ya fashe. Dariya ce kawai ke shammatarsa. Jiya Tela ya ba shi labarin wani da ya kawo wando a rage masa tsawo aka rage ƙafa ɗaya sau biyu, Baba ya yi dariya, lasifikar ta yi wani kurrr mara daɗi. Ya kashe akwatin ya ƙarasa dariyarsa shiru.

Ga abin da muka shirya. Tunda ba za ka ji shi a waya ba, zan jona akwatin da wayata in ɗaukar maka muryarsa, in sa a ɗan katin memori in aiko maka cikin ambulan. Tun ranar da na gaya masa yake yawan motsa leɓe shi kaɗai. Ina jin shirya maganar yake yi.

Ka yi masa addu'a. Ka ci abinci, kada ka ce damuwa ta hana ka.

Yayarka

*

Zuwa ga ƙanena abin ƙaunata, Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya kai da duk mutanen jirgin. Yaya haƙuri, yaya kewa? Goggo tana gaishe ka ƙwarai. Tela ma ya ce in gaishe ka.

An yi aikin, kuma an yi nasara. Baba yana raye, yana asibiti, yana zama da kansa, jiya har ya taka zuwa bakin taga. Likita ya ce sun cire abin duka. Akwai ɗan bututu a wuyansa da yake numfashi ta nan. Mun gode Allah, ka gode masa kai ma. Na fara da wannan ne don hankalinka ya kwanta kafin ka karanta sauran.

Katin memorin yana cikin ambulan ɗin nan, na naɗe shi a 'yar takarda na manne da salatif. Kada ka saurara sai ka gama karanta wasiƙar.

Ana gobe za mu tafi asibiti muka ɗauki muryar, da la'asar. Na saya sabon batir. Na rufe ƙofar kanti, na kashe fanka, na roƙi Tela ya ɗan dakata da kekensa. Baba ya sa farar rigarsa mai aljihu biyu, ya taje gemu. Na ce masa ai ba hoto ba ne, ya harare ni. Ya hau kujerarsa, na ɗaura masa faifan, na jona waya, na jona sikof don in riƙa gani.

Ya yi magana mai tsawo, za ka ji da kanka. Ya gaishe ka. Ya ce bai taɓa jin haushin barinka kanti ba, ciyar da mutane sana'a ce mai albarka. Ya ba ka labarin ranar da aka haife ka, yadda marigayiya Inna ta ce wannan kam shi ne na ƙarshe ko da sarki ya roƙa. Ya ce ka riƙe salla, ka rage fushi, ka nemi mata mai dariya. Duk cikin raɗa, a hankali, yana hutawa yana kurɓar ruwa. Idona yana kan allo. Igiyar 'yar ƙarama, tsaf, tana sauka dab da daɓe ba ta taɓa shi. A raina na ce tsohon nan ya fi ni gaskiya.

Da ya sa maka albarka ya yi shiru, na zaci ya gama, na miƙa hannu zan tsayar. Sai ya ɗaga mini hannu. Ya rufe ido, ya dafa benci da hannu biyu, ya ja numfashi har kafaɗunsa suka ɗaga. Ya kira sunanka.

Ba raɗa ba, Auta. Kira, da muryarsa ta da, irin wadda yake yi daga ƙofar kanti kana can ƙarshen layi wajen wasa. Ban san inda ya ajiye ta ba duk watannin nan. Gilashin kabad sai da ya amsa. Tela ya ce har allura ya saki. Goggo ta jiyo daga cikin gida, ta fito ba takalmi.

Ni kuwa ina kallon allo. Igiyar ta faɗi ta daki daɓe ta kwanta shamɓal, ta yi tsalle ta daki rufi ta kwanta, ta sake faɗowa. Ba zagaye ko ɗaya. Na san abin da nake gani tun kafin kiran ya ƙare, kuma ba abin da hannuna zai iya yi a wannan ɗan lokacin.

Daga nan tari ya sarƙe shi, muka ga jini a hankici. Da ya lafa na ce ko zai sake, in mayar da tsohuwar resistar, aikin minti kaɗan ne. Ya gwada buɗe baki. Ko raɗar ba ta fito ba. Washegari aka shiga da shi ɗakin tiyata.

Na saurari abin da aka ɗauka ni kaɗai a barandar asibiti, lokacin suna ciki da shi. Duk maganar ta fito tas. A ƙarshe akwai shiru, sai wata ƙara mai kaushi kamar ta ƙararrawar ƙofa da ta lalace, sai tari. Tsawon kiran yana nan, amma ba murya a ciki, ba za ka ce mutum ne ba. Na kai wa wani mai gyaran sauti a kwamfuta, ya yi iya yinsa, ya ce abin da na riga na sani. Abin da aka aske ba ɓoyewa ya yi ba, bai shiga ba ne tun farko. Da na mayar da diren tsakiya, ko kuwa na cire faifan na bar wayar ta ɗauka da kunnenta, da ka ji shi. A ɗakin nan kowa ya ji kiran, har maƙwabta, sai kai da aka yi dominka. Wannan abu ya tsaya mini a ƙirji, ban san ranar da zai wuce ba.

Da ya farfaɗo sosai, nas ta kawo masa ɗan allo da alli. Na zaci ruwa zai nema, ko ya tambayi kanti. Ya rubuta ya juyo mini da allon: "Ya shiga?"

Shi ya sa resistar nan da hannunsa. Shi ya koya mini rufi da daɓe. Ba mai gyaran rediyon da ya fi shi sanin amsar wannan tambaya, amma ya tambaya, ya kafe ni da ido. Na ce masa ya shiga, Baba, tas. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya gyaɗa kai, ya goge allon da gefen hannu, ya rufe ido. Bai nemi in kunna masa ba, ni ma ban ce zan kunna ba.

To, ga roƙona, kuma ban taɓa roƙonka abu irin wannan ba. Idan ka rubuto masa, ka amsa duk abin da ya ce, sannan ka ce ka ji kiran. Bari in gaya maka yadda ya yi, don kada ka yi kuskure. Sau ɗaya ya kira. Farkon gajere ne, ƙarshen ya ɗaga shi ya riƙe har numfashinsa ya ƙare. Ba irin kiran da yake yi in ka yi ɓarna ba ne. Irin wanda yake yi ne in an sauke abinci, kowa ya zauna, ana jiranka.

Ka amsa masa, Auta.

Allah ya dawo mana da kai lafiya. Ka huta lafiya.

Ni ce yayarka mai kewarka,
'Yar Mai Rediyo